Teburin oak daga Ingila a hunturun Kano: dalilin tsagewarsa da yadda ake gyara shi

Kaya biyu ne, teburin cin abinci da kabad na ajiye kwanuka, dukansu na katakon oak zalla (wani itace ne mai nauyi da ƙarfi na ƙasashen Turai da Amurka), aikin Ingila. Sun yi shekaru a wani gida can kafin a loda su a kwantena cikin kayan gwanjo, suka sauka a Legas, suka iso Kano a watan Agusta, damina na tsakiya. Kafin Fabrairu ya fita allon teburin ya tsage, kabad kuwa babu abin da ya same shi sai 'yan ƙananan alamu. Itace iri ɗaya ne, a falo ɗaya suke, iska ɗaya suke sha. Abin da ya raba su shi ne irin haɗin da ke jikin kowanne, da abin da aka yi wa teburin ranar da aka ɗaura shi.

Tsawon allon teburin santimita 180, faɗinsa 90, kaurinsa 3. Katako shida aka jera aka manna da gam, kowanne faɗin santimita 15. A kowane ƙarshe an gitta wani katako mai faɗin santimita 8 wanda ya rufe bakunan katakon shida, mu kira shi katakon goshi. A ƙarƙashi akwai ƙafa huɗu da ɗamarar katako da ta haɗa su, kaurinta milimita 22. A cikin ɗamarar, ta ciki, maƙerin farko ya tsaga siririn kwari, ya yi wasu 'yan maɓallan katako goma sha biyu masu harshe. Kowane maɓalli sukuru ɗaya ke riƙe shi a ƙasan allo, harshensa kuma ya shiga kwarin ɗamara. Babu ƙusa ko ɗaya da ta ratsa daga ɗamara zuwa allo.

An kwance teburin kafin a loda shi, maɓallai bakwai suka ɓata a hanya. Kafintan da aka kira ya ɗaura shi a Kano ya ga biyar ba za su isa ba, sai ya sayo ƙarfen kusurwa guda takwas masu zagayayyun huji, ya ɗaure allo da ɗamara tamau da sukuru na baƙin ƙarfe. Ya lura katakon goshi ɗaya yana ɗan motsi in an girgiza shi, ya zare shi, ya shafe harshen allon da ke shiga cikinsa da farin gam tun daga wannan gefe har wancan, ya mayar. Daga nan ya goge saman da samfefa ya yi masa banish shafi uku, ƙasan kuwa ya bar shi tsirara yadda ya same shi. A ranar aikin ya yi kyau, tebur ya tsaya daram, kuma da allon filawud ne da babu laifi a ciki ko ɗaya. Wanda ya saba da filawud da MDF (allon garin katako da aka matse), waɗanda ba sa motsi sosai a faɗi, haka hannunsa zai kai shi.

Nawa ne motsin?

Katako ko an busar da shi a inji bai rabu da iska ba. In iska ta yi laima ya sha ya kumbura, in ta bushe ya saki ya tsuke. Duk wanda ya taɓa fama da ƙyauren da ke cijewa da damina ya saki da rani ya san wannan. Ana auna ruwan da ke jikin katako da kashi cikin 100 na nauyinsa busasshe, kuma kowane matakin danshin iska yana da inda yake kai katako in an ba shi lokaci. Danshin iska na kashi 80 yana kai katako wajen kashi 16. Na kashi 65 yana kai shi 12, na 50 yana kai shi 9, na 30 yana kai shi 6, na 20 kuwa wajen 4 da rabi. A gidan Ingila mai na'urar ɗumama ɗaki, kayan katako sukan yi yawo tsakanin 9 da 12 a shekara, wato tazarar maki uku. A Kano danshin iska na haura 70 a Agusta, sannan ya faɗi ƙasa da 20 da rana a Fabrairu da Maris. Allo mai kaurin santimita 3 ba ya bin iska nan take, sai a hankali cikin makonni, amma hunturu da bazara sun isa su janyo shi ƙasa sosai. Wannan teburin, bayan zaman kwantena da laimar Legas da damina, wajen 14 yake ranar ɗauri. A ƙarshen Fabrairu ya sauko wajen 6. Maki takwas ke nan, kusan ninki uku na abin da aka ƙera shi ya ɗauka.

Motsin ba daidai yake ta kowace fuska ba, kuma a nan duk maganar take. Ta tsawon jijiya katako kusan ba ya motsi: daga ɗanye zuwa busasshe ƙayau bai wuce kashi 0.1 zuwa 0.2 cikin 100 ba, don haka tsawon santimita 180 bai sauya da ko milimita ɗaya ba. Ta faɗi kuwa ya danganta da yadda aka yanka gungumen. A duba bakin katako. In zoben shekara, wato layukan girman itace da ake gani a bakin, sun kwanta kamar baka, wannan yankan kwance ne, shi ya fi yawa a kasuwa don ba ya ɓarnar itace. In zoben sun miƙe tsaye kamar haƙoran mataji, yankan tsaye ne. Alƙaluman ɗakin binciken katako na hukumar gandun dajin Amurka da ke Madison sun nuna farin oak na tsukewa kashi 10.5 cikin 100 a yankan kwance da kashi 5.6 a yankan tsaye, daga ɗanye zuwa busasshe, kuma oak na Turai bai yi nisa da haka ba. A kwatanta da loko, wanda ke tsukewa kashi 3.8 da 2.8. Oak yana da nauyi da ƙarfi, amma a wajen motsi yana cikin masu rigima.

Don lissafin yau da kullum ana amfani da lamba ɗaya: a yankan kwance, kowane maki ɗaya na ruwa yana sauya faɗi da kimanin 0.0036 na faɗin, a yankan tsaye kuma 0.0018. Katakon teburin yankan kwance ne. Milimita 900 sau 0.0036 ya ba da milimita 3.2 a kowane maki. Sau takwas ya zama milimita 26. A zahiri gefen kowane katako zobensa kan ɗan karkata, shi ya sa abin da tef zai nuna yakan gaza haka, wajen milimita 20 zuwa 22. Duk da haka allon yana neman ya ragu da santimita biyu, ƙarfen kusurwa kuma na riƙe da shi a ɗamara biyu masu tazarar santimita 70, tazarar da ba ta sauyawa, domin gajerun katakon ɗamara da ke raba su ta tsawon jijiyarsu suke kwance.

Oak ba ya jure a miƙar da shi ta faɗi fiye da wajen kashi 1 cikin 100 kafin jijiyoyi su rabu. Nan ana neman kusan kashi 3. Dole wani abu ya saki: ko sukuru ya tsinke, ko ya yage huji, ko layin gam ya buɗe, ko katako ya tsage. Duk ƙarfin oak bai taimaka ba, sai ma ya riƙe sukurun tamau ya ƙi barinsu su zame, ƙarfin ya tafi inda ya fi rauni.

Inda ya tsage, da abin da ya sa nan ne

Tsagar ta fara ne daga ƙarshen da aka manna katakon goshi, a cikin katako na uku, ta yi tafiyar santimita 40, bakinta buɗe milimita 4. Ba a layin gam take ba, wanda ke nuna mannin asali lafiyayye ne, domin farin gam da aka matse da kyau ya fi jijiyar katako ƙarfi ta faɗi. Abu uku suka haɗu a wurin. Bakin katako yana sakin ruwa fiye da gefensa ninki goma ko sama da haka, saboda ƙofofin jijiya a nan suke buɗe, don haka ƙarshen allo ne ke riga tsakiya bushewa. Katakon goshi kuma tsawonsa na santimita 90 ba ya raguwa, gam ya hana allo zamewa a cikinsa. Na uku shi ne halin oak kansa: yana da manyan jijiyoyi da suka taso daga zuciyar itace zuwa ɓawo kamar ƙarafan ƙafar keke. Su ne ke ba yankan tsaye wannan ado mai walƙiya, su ne ke rage masa motsi, amma a yankan kwance su ne layin da tsaga ke bi, kamar yadda gatari ke samun hanya in ana faskare.

A ɗaya ƙarshen, inda ba a taɓa katakon goshi ba, babu tsaga a baki. Sai dai katakon goshin ya fito waje da kimanin milimita 8 ta kowane gefe, har yana kama riga. Masu gida suka ɗauka wannan ma lalacewa ce, alhali shi ne alamar haɗin yana aikinsa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a sa zarto a datse abin da ya fito. In an yi haka a Fabrairu, a Agusta allon zai kumbura ya wuce goshin da adadin da aka yanke.

Akwai ƙananan matsaloli biyu kuma. Tsakiyar allon ta yi tozo, gefuna suka sunkuya, da an aza miƙaƙƙen katako a gicciye ana ganin haske milimita 5 a gefe. Ƙasan da ba shi da banish ya riga saman bushewa, ya tsuke, ya ja gefuna ƙasa. Sannan kewayen kowane sukuru ya yi baƙi-baƙi mai shuɗi. Oak yana da tanin da yawa, irin sinadarin da ke cikin bagaruwa wanda majema ke jima da shi, kuma in ya haɗu da baƙin ƙarfe da laima sai ya zama tawada, ƙarfen ma ya ci tsatsa.

Kabad ɗin

Shi ba a kwance shi ba, don haka babu wanda ya gyara masa komai. Ƙofofinsa firam ne da allo a tsakiya. Firam ɗin siraran katako huɗu ne masu faɗin santimita 7, haɗin harshe da rami. Allon tsakiya faɗinsa santimita 30, yankan tsaye, yana zaune cikin kwari mai zurfin milimita 10, babu gam, babu ƙusa. Lissafinsa: 300 sau 0.0018 sau 8, milimita 4 da ɗoriya, wato biyu ta kowane gefe. Allon ya ja baya a cikin kwarin bai fita ba, abin da ya bayyana kawai siririn farin layi ne a gefe, inda launi bai taɓa shiga ba. Da yankan kwance ne da motsin ya kusa milimita 9, kuma da kwarin bai kai wannan zurfin ba da an hango cikin kabad ta gefen allo.

Wannan dabara tsohuwa ce. Akwatunan oak na Turai na farkon zamani faffaɗan katako ne aka buga da ƙusa, kuma da yawa daga waɗanda suka rage a gidajen tarihi da majami'u a tsattsage suke. A ƙarni na 15 firam mai allo a tsakiya ya bazu a Filandas (yankin arewacin Beljiyam na yau) da Ingila, ana kuma shigo da oak na yankan tsaye daga yankin Baltik ta tashar jiragen ruwa ta Gdansk, a ƙasar Poland ta yau, saboda ba ya kantarewa. Gustav Stickley, mai ƙera kayan ɗaki na katako a Amurka a farkon ƙarni na 20, farin oak na yankan tsaye ya riƙe a kayansa, don adonsa da kuma natsuwarsa.

Bayan kabad ɗin siraran katako ne masu faɗin santimita 10, kowanne harshensa ya shiga na kusa da shi, ƙusa ɗaya sama ɗaya ƙasa a tsakiyar kowanne. Kowanne ya tsuke da milimita 3, harshen ya rufe giɓin. Motsin da ya taru wuri ɗaya ya fasa tebur, a nan an rarraba shi gida goma, babu wanda ya kai ya yi ɓarna. Durowa kuwa a Agusta sai an ja da ƙarfi, a Fabrairu suna ƙwalam-ƙwalam, domin goshin durowa mai tsayin santimita 15 yana motsi sama da milimita 4. Gindin durowa ɗaya ya zame daga kwarin gaba har cokali na faɗawa. An shimfiɗa shi ne jijiyarsa na tafiya daga hagu zuwa dama don motsin ya zama gaba da baya, kuma sukuru ɗaya ne ke riƙe shi a baya cikin dogon huji. Aka sassauta sukurun, aka tura gindin gaba, aka ɗaura. Aikin minti biyu.

Gyaran teburin

Abu na farko shi ne a cire ƙarfen kusurwa duka a ranar da aka ga tsaga, ko da kafinta bai samu zuwa ba, domin kullum da ya kwana a ɗaure tsagar na ƙara tafiya. Sai a raba katakon goshin da aka manna. Farin gam yana laushi da zafi, don haka a bi layin da na'urar hura zafi da tsumma mai ruwan zafi, ana bugawa a hankali da guduma ta kan wani guntun katako. In ya ƙi, gara a yanke shi a sake wani da a karya harshen allo. Daga nan a jingine allon a ɗakin da zai zauna, bisa sanduna, iska na ratsa sama da ƙasa, mako biyu zuwa uku. Tozon zai ragu da kansa, bakin tsaga zai ɗan matso.

A auna ruwan kafin a taɓa zarto. Na'urar awo mai allura tana aiki, sai dai yawancinsu ba sa karanta ƙasa da 6 da kyau. Hanyar da ba ta ƙarya ita ce a ɗauki guntu, misali tsohon maɓalli, a auna nauyinsa, a sa shi a tanda mai zafin digiri 103 har nauyi ya daina sauka, a sake aunawa. In giram 53 ya koma 50, uku bisa hamsin, kashi 6 ke nan. Wannan lambar ce za ta faɗa wa kafinta ko allon yana ƙarshen tsukewarsa ne ko ƙarshen kumburinsa, kuma duk giɓin da za a bari daga nan ake lissafa shi.

Tsagar kanta kada a cike ta da garin katako da gam, ko da irin abin cikon da ke daskarewa kamar dutse. Da damina katako zai so ya rufe bakin, cikon ya zama tsinken faskare, ya danne jijiyoyin gefe. Jijiyar da aka danne ba ta komawa yadda take, sai rani ya dawo giɓin ya fi na da. Haka yake faruwa da ƙotar gatari da ake jiƙawa don ta kama: ta kama yau, in ta bushe ta fi da sassauci. Gyaran gaskiya shi ne a tsaga allon gida biyu da zarto ta bin layin tsagar har ƙarshe, a miƙar da gefunan biyu har su haɗu babu haske, a sake mannawa. Zarto da gogewa za su ci milimita 5 zuwa 8. In ana son faɗin ya dawo sai a saka siririn oak mai kama da launinsa a tsakani. A manna a ranar da aka goge gefunan. Iskar hunturu tana sa gam ya yi fata cikin minti kaɗan, don haka a shirya ƙarafan matsi tukuna, ɗaya kowane santimita 25 zuwa 30, ana musanyawa ɗaya sama ɗaya ƙasa don kada allo ya lanƙwashe, a bar shi awa 24. In tsagar gajeriya ce, ba ta kai santimita 15 ba, kuma tana rufewa da matsin hannu, ana iya tura gam ciki, a matse, a dasa mata katako biyu masu siffar malam-buɗe-littafi ta ƙasa, zurfin sulusin kaurin allo.

Baƙin tabon ƙarfe samfefa ba ta fitar da shi sai an ci katako da yawa. Ruwan asid na okzalik ke ɗauke shi. A shafa, a bari ya bushe, a wanke da ruwa sau biyu ko uku, da safar hannu, kuma kada a shaƙi ƙurarsa in ana gogewa daga baya.

Katakon goshi a mayar da shi yadda aka ƙera shi tun farko, amma da ƙarin fili. Gam a tsakiya kawai, santimita 10 zuwa 15. Sauran harshen a shafa masa kakin kyandir. Turakun katako da ke ratsa goshi da harshe, na tsakiya hujinsa zagayayye ne, na gefe kuwa hujin da ke jikin harshe dogo ne ta faɗin allo. Turken da ke santimita 38 daga tsakiya zai ga motsin 380 sau 0.0036 sau 8, milimita 11. In kaurin turke milimita 8 ne, hujin ya zama 20. Na Ingila 12 ne ko 13, bai isa ba. Ramin da harshen gefe ke shiga shi ma a faɗaɗa shi da milimita 12. Gam ɗin turke a samansa kaɗai za a sa, inda ya taɓa goshi, kada ya gangara ya kama harshe.

Ɗaura allo a ɗamara shi ne inda aka fi yin kuskure ko bayan an gane matsalar. A tsakiyar kowace gajeriyar ɗamara a sa sukuru ɗaya tsayayye. Waɗannan biyun su ne ke riƙe allon a tsakiya, su raba motsin biyu, rabi hagu rabi dama. Maɓallan da ke gajerun ɗamara ba su da wahala, domin gefe-gefe suke zamewa cikin kwari. Na dogayen ɗamara su ne ke shiga da fita. Suna santimita 35 daga tsakiya, motsinsu milimita 10, kuma dole ko a ƙarshen tsukewa harshe ya rage aƙalla milimita 5 a ciki. Ana buƙatar kwari mai zurfin 15 ke nan, na asali 10 ne, kuma ba a haƙa 15 a katako mai kaurin 22 ba tare da an raunana shi ba. Mafita biyu ce. Ko a manna wani siririn oak mai kaurin milimita 10 a cikin ɗamarar, jijiya na bin jijiya, a tsaga kwarin ta cikinsa. Ko a yi amfani da ƙarfe mai dogon huji na milimita 20, tsawon hujin na kallon faɗin allo. Ƙananan ƙarafan nan masu siffar lamba 8 da ake sayarwa don wannan aiki milimita kaɗan suke juyawa, sun isa a Ingila, a dogayen ɗamarar wannan teburin a Kano ba su isa ba.

Maɓalli a yi shi da oak, milimita 45 a 30 a 20, jijiyarsa na tafiya zuwa cikin harshe, in ba haka ba harshen zai ɓalle. A bar samansa ya gaza kai ƙasan allo da rabin milimita, don in an ɗaure sukuru ya janyo allon ya zauna a ɗamara. Huɗu a kowace doguwar ɗamara, biyu a kowace gajeriya.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ke raba gyaran da zai ɗore da wanda zai dawo. In ana ɗauri a Fabrairu, allon yana ƙarshen tsukewa, abin da ya rage masa kumburi ne zuwa waje. Don haka harshen maɓalli ya shiga milimita 5 kacal, a bar masa 10 a gaba. In dogon huji ne, sukuru ya zauna a ƙarshen da ke kusa da tsakiyar tebur. In a Agusta ake ɗauri, akasin haka: harshe ya kusa taɓa ƙarshen kwari, sukuru ya zauna a ƙarshen waje. Wanda ya sa sukuru a tsakiyar huji a Fabrairu don ganin ya fi kyau ya zubar da rabin filin, kuma da damina allon zai tura ɗamara har haɗin ƙafa ya buɗe.

Sukuru ya zama na ƙarfen da ba ya tsatsa ko na tagulla, milimita 4 a 35, a huda masa hanya da bakin milimita 3. Na tagulla yana karyewa a oak, don haka a fara shigar da na ƙarfe mai girmansa ya buɗe zare, a fitar, a shafa kaki, sannan a sa na tagullar. A dogon huji a yi amfani da mai shimfiɗaɗɗen kai da washa, domin mai kai kamar mazurari yana nutsewa ya kulle kansa wuri ɗaya. A ɗaure, sannan a sassauta kwatan juyi.

Shafi na ƙarshe a yi shi daidai sama da ƙasa, uku da uku, bakin katako da ke shiga goshi a ba shi ƙarin biyu. Babu shafin da ke hana motsi, jinkirta shi kawai yake yi. Banish ya fi mai da kaki tare tururin ruwa nesa ba kusa ba, kuma a wurin da iska ke juyawa haka, jinkirin yana da amfani, domin yana ba cikin katako damar bin bayansa ba tare da fata ta riga ta tsage ba. Ledar tebur mai kauri ko gilashi a sama suna mayar da matsalar tozo, tunda fuska ɗaya ta rufu ɗaya na buɗe. Kada a ajiye teburin inda na'urar sanyaya ɗaki ke busa shi kai tsaye, don ita ma busar da iska take yi, ko jikin tagar da rana ke faɗowa. Kwanon ruwa a ƙarƙashin tebur ba ya sauya iskar babban falo da ake buɗe ƙofarsa kullum. Na'urar fesa danshi a rufaffen ɗaki tana iya riƙe iska wajen kashi 35 zuwa 40, wanda zai tsayar da katako a 7 ko kusa da 8, ya rage maki ɗaya ko biyu daga tazarar.

Bayan gyara a ja layi da fensir a ƙasan allo daidai gefen ɗamara, a rubuta wata. A Agusta a leƙa: layin ya kamata ya matsa waje da milimita 8 zuwa 10 a kowane gefe, katakon goshi ya dawo daidai da gefen allo ko kusa da haka. In gefe ɗaya ya matsa ɗayan bai motsa ba, akwai maɓallin da ya cije a wancan gefen, a nemo shi a sassauta sukurunsa a shafa wa harshen kaki.